Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Haɗa Kai Wajen Jinyar Bakwaini a Asibiti

Gabatarwa

Bahaushe yana kiran jaririn da aka haifa kafin lokacinsa bakwaini, watau ɗan wata bakwai, ko da kuwa watannin nasa sun ɗan ɗara haka ko sun gaza. In aka kai irin wannan jariri asibiti, aka kwantar da shi cikin akwatin nan na gilashi mai ɗumi, sai a ce an sa shi a kwalba. Ga wanda ya tsaya a bakin taga yana leƙe, kwalbar ce ke rayar da yaron, domin ita ido ya gani, kuma labarinta za a bayar in an koma gida. Amma duk wanda ya bi tarihin wannan fanni tun daga tushe zai tarar cewa kwalba ce mafi sauƙin samu cikin abubuwan da bakwaini ke bukata. Abin da aka shafe shekara fiye da 100 ana nema shi ne yadda mutanen da ke kewaye da kwalbar za su ji maganar juna.

Dalili kuwa a fili yake. Babban mutum in ya je asibiti yakan nuna inda ke yi masa ciwo, bakwaini kuwa ko kukan kirki ba ya iyawa. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, huhunsa bai ƙosa ba, bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, kuma ƙwayar cutar da ba za ta hana babba zuwa kasuwa ba tana iya ɗauke shi cikin dare ɗaya. Tun da yake ba ya iya faɗin halin da yake ciki, sai sanin halin nasa ya rarrabu a hannun mutane da dama. Nas ce ke ganin canjin launinsa da tsakar dare, likita ne ya san ma'anar canjin, mai awon jini ne ke iya tabbatar da shi, makaniki ne ya san ko na'ura na faɗin gaskiya, uwa kuma ita ke da nono da ɗumin jiki. Wannan lacca za ta bi tarihin yadda aka yi ta harhaɗa waɗannan hannuwa, daga birnin Faris a 1880 zuwa garin Ile-Ife a 2021, tare da duban abin da ya faru a duk lokacin da aka bar wani hannu a baya. Maganar ba ƙarama ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an haifi bakwaini miliyan 13.4.

Faris: Kwalba da Ungozoma

Bayan kayen da Faransa ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, hankalin shugabanninta ya tashi ganin haihuwa na raguwa a ƙasar alhali jarirai na mutuwa da yawa. A cikin wannan yanayi ne ran jariri mai rauni, wanda a da ake bar wa ƙaddara, ya zama abin da hukuma ta damu da shi. Stéphane Tarnier, babban likita a asibitin haihuwa na Faris da ake kira Maternité, ya ga wata na'urar ƙyanƙyasar ƙwan kaji a gidan dabbobi na birnin, sai ya nemi Odile Martin, wanda ya ƙera ta, ya yi masa irinta da za ta ɗauki ɗan mutum. Aka fara aiki da ita a 1880. Watau tun ran farko kwalba aikin mutum biyu ce, likita da maƙeri. Daga baya aka ba da rahoton cewa mutuwar jariran da nauyinsu bai kai kilo 2 ba ta sauko daga kashi 66 cikin 100 zuwa kashi 38.

Sai dai akwatin ba ya ɗumama kansa. Ruwan zafi ne ke ba shi ɗumi, kuma a samfurin da ya fi yaɗuwa tilas ne wani ya riƙa duba ma'aunin zafi yana sauya gorunan ruwan dare da rana. Wannan aiki, da na ɗura wa yaro nono ta cokali ko ta siririn tiyo, a wuyan ungozomomi da nas-nas ya rataya. Shugabar ungozomomin asibitin, Madam Henry, ita ce ta tashi tsaye ta nemo kuɗi, ta buɗe sashe na musamman domin jarirai masu rauni a 1893, wanda ke cikin na farko irinsa a duniya. A 1895 ta bar aiki, sashen ya koma hannun Pierre Budin, almajirin Tarnier. Sunan Budin ya cika littattafai, nata kuwa sai an tona.

Budin ya kafa jinyar bakwaini bisa murhu mai duwatsu uku: ɗumi, da abinci, da kariya daga cuta. Kowane ɗaya daga cikinsu mutum yake bukata. An ɗauki mata masu shayarwa aiki, suna zaune cikin asibitin da 'ya'yansu, ana auna bakwaini a sikeli kafin ya sha nono da bayan ya sha, a rubuta abin da ya shiga cikinsa. Da wata annobar ciwon ƙirji ta ɓarke daga 'ya'yan masu shayarwar ta faɗa wa bakwainin, sai Budin ya raba masu lafiya da marasa lafiya, ya kuma sa doka cewa mace ba za ta shiga wurinsu ba sai ta wanke hannu da fuska ta sauya tufafi.

Amma mafi girman abin da ya lura da shi ya shafi uwa. Ya ga cewa matar da aka raba da ɗanta, ba ta shayar da shi ba ta taɓa shi, nononta yakan ƙafe, zuciyarta ta yi sanyi a kansa, har wata ma ba ta dawowa ɗaukarsa. Saboda haka ya fi son kwalba mai gilashi da za a ajiye kusa da gadon uwa ta riƙa ganin ɗanta. In yaron bai iya tsotso ba, sai a ba ta ƙaƙƙarfan ɗan mai shayarwa ya riƙa jan nononta don kada ya ƙafe, har nata ya yi ƙwari. Ya tattara laccocinsa cikin littafin da ya fito a 1900. Duniya ta karɓi kwalbar hannu bibbiyu, ta kuwa manta da wannan darasi na uwa har kusan shekara 70.

Shikago: Zamanin Mulkin Nas-nas

Kwalba ta shiga Amurka ta wata baƙuwar hanya. Wani mutum mai suna Martin Couney ya riƙa nuna bakwaini cikin kwalabe a wuraren baje koli da na shaƙatawa, musamman a Coney Island ta birnin New York daga 1903 zuwa 1943. 'Yan kallo ne ke biyan kuɗin shiga, iyaye kuwa ba a karɓar ko kwabo a hannunsu. Masu binciken tarihi ba su sami shaidar cewa ya yi karatun likita ba, amma sun yarda cewa nas-nas ɗinsa, a ƙarƙashin Louise Recht, ƙwararru ne ƙwarai, kuma su ne suka raya yaran.

Wanda ya mayar da wannan jinya cikin asibiti sosai a Amurka shi ne likitan yara Julius Hess, wanda ya buɗe sashen bakwaini a asibitin yara na Sarah Morris da ke Shikago a 1922. A 1924 ya ɗora nas Evelyn Lundeen a kan sashen, ta kuwa riƙe shi fiye da shekara 30. Ita ta tsara yadda za a ɗauki yaro, da yadda za a ɗiga masa nono, da sa'o'in ciyarwa, da yadda za a shiga ɗakin da yadda za a fita. Likitoci kansu ba safai suke taɓa yaran ba, sukan dogara ne da abin da nas ta gani ta rubuta. Kafin a sallami yaro akan aika nas ta duba gidan da zai koma, bayan sallama kuma ta ci gaba da ziyara. A tsakiyar shekarun 1930 birnin Shikago ya shimfiɗa wannan tsari ga dukkan unguwanninsa, har da motar ɗauko bakwaini cikin akwati mai ɗumi. A 1941 Hess da Lundeen suka fitar da littafi guda mai ɗauke da sunayensu su biyu, likita da nas a bango ɗaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Wannan tsari ya raya yara da yawa, amma ya zo da nasa hasara. Tsoron ƙwayar cuta ya sa aka rufe ƙofa gam. Uwa ta koma 'yar kallo ta bayan gilashi, wani lokaci ma ba za ta taɓa ɗanta ba sai ranar sallama, bayan wata ɗaya ko biyu.

Iskar Oksijin da Annobar Makanta

A shekarun 1940 aka sami sababbin kwalabe masu rufuwa ruf, waɗanda ke iya riƙe iskar oksijin mai yawa. Sai a ga yaro ya yi shuɗi yana numfashi da ƙyar, da an buɗe masa iska sai launinsa ya dawo, numfashinsa ya daidaita. Ba likita ba nas da ya zaci abin alheri irin wannan zai iya cutarwa. A 1942 wani likitan ido na Boston, Theodore Terry, ya bayyana wata sabuwar makanta da ke kama bakwaini, inda jijiyoyin jini ke tsirowa barkatai a tantanin da ke karɓar haske a can cikin ido, har su ɓamɓare shi. Kafin 1953 an ƙiyasta yara kimanin 10,000 sun makance ta wannan hanya, wajen 7,000 daga cikinsu a Amurka. Shahararren mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikin waɗanda abin ya shafa. Abin mamaki, cutar ta fi yawa a asibitocin da suka fi kayan aiki.

A 1951 likitar yara Kate Campbell ta birnin Melbon a Ostireliya ta kwatanta ɗakunan jarirai uku, ta ga makantar ta fi yawa inda ake sakin oksijin ba awo, ta kuma ragu inda ake tsimin sa saboda tsada. A daidai wannan lokaci wani matashin likitan ido, Arnall Patz, tare da likitan yara Leroy Hoeck, suka shirya gwaji a asibitin Gallinger na birnin Washinton: wasu yara a ba su iska mai yawa kamar yadda aka saba, wasu a rage musu. To, a nan ne wani abu ya faru da ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu nas-nas na aikin dare, da suka ga an rage wa yara iska, sai suka riƙa ƙara ta a ɓoye, da gari ya waye su mayar da ita yadda suka same ta.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko rashin sanin aiki. Abin da idon nas ya gani gaskiya ne, domin ita ce ke tsaye a kan yaron yana shuɗewa, kuma an koya mata cewa iskar ce ransa. Abin da likitan ido ya gani shi ma gaskiya ne, sai dai ba ya bayyana sai bayan makonni, lokacin da yaron ya bar hannun nas ɗin. Kowa yana riƙe da rabin gaskiya, kuma ba a zaunar da su wuri ɗaya an haɗa rabi da rabi ba. Duk da haka sakamakon ya fito a 1952: cikin yara 28 da aka ba iska mai yawa, 7 sun kamu da cutar mai tsanani, cikin 37 da aka rage wa kuwa babu ko ɗaya. Babban gwajin da asibitoci 18 suka yi tare daga 1953 zuwa 1954 ya tabbatar da haka.

Sai kuma aka yi gudun gara aka faɗa wa zago. Aka kafa ƙa'ida cewa kada iskar da ke cikin kwalba ta wuce kashi 40 cikin 100 na oksijin, ko yaya halin yaron yake. Makanta ta ragu, amma mutuwa da shanyewar gaɓoɓi suka ƙaru. A 1973 masanin nan na Ingila Kenneth Cross ya ƙiyasta cewa a kan kowane yaro ɗaya da aka tsare wa ido, an yi hasarar rayuka kusan 16. Ba a fita daga wannan tsaka mai wuya ba sai da aka iya auna oksijin ɗin da ke cikin jinin yaron kansa, da farko ta ɗigon jini a ɗakin awo a shekarun 1960, daga baya kuma ta 'yar na'urar nan mai jan haske da ake ɗaurawa a ƙafa ko hannu, wadda ta samo asali daga aikin injiniyan Japan Takuo Aoyagi, ta kuma yaɗu a shekarun 1980. Da ita ne aka sami lamba guda da kowa ke kallo. Likita ya ɗebe iyaka sama da ƙasa, nas ta riƙa daidaita iskar a tsakaninsu, likitan ido kuma ya zo a makonnin da aka ƙayyade ya duba.

Sista Ward da Hasken Rana

In labarin oksijin ya nuna abin da ke faruwa idan ba a ji juna ba, labarin shawara ya nuna kishiyarsa. Shawarar jarirai tana zuwa ne sa'ad da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, da ake kira bilirubin, ya taru a jini saboda hantar yaro ba ta ƙosa ta fitar da shi ba. In ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, ko ya kashe shi. A tsakiyar ƙarni na 20 babban magani shi ne a zuƙe jinin yaron kaɗan-kaɗan ana musanya shi da wani, aiki mai wuya da hatsari.

A asibitin Rochford da ke gundumar Essex ta Ingila akwai wata shugabar nas-nas ta sashen bakwaini, Sista Jean Ward, wadda ta yi imani da amfanin iska da hantsi, takan kuma fitar da yaranta farfajiya in rana ta yi kyau. Wata rana a 1956, ana cikin zagayen duba majinyata, ta nuna wa likita R. H. Dobbs wani jariri mai shawara wanda duk jikinsa ya washe, in ban da wani ɗan wuri mai kusurwa uku da ya rage da ruwan ɗorawa sosai. Ta bayyana masa cewa nan ne gefen zanen gado ya rufe, rana ba ta taɓa ba. Bayan 'yan makonni aka manta da wata kwalbar jinin gwaji a bakin taga cikin rana, da aka auna sai aka ga bilirubin ɗinta ya yi ƙasa da yadda ake zato. Aka haɗa abin da nas ta gani da abin da ɗakin awo ya gani. Wani ƙaramin likita, Richard Cremer, da masanin sinadaran jini P. W. Perryman suka bi diddigi, aka harhaɗa fitilu masu shuɗin haske, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1958. Sunan Sista Ward ba ya cikin marubutan. Amurka ba ta rungumi wannan magani ba sai bayan gwajin Jerold Lucey na 1968, amma a yau da wuya a sami ɗakin jarirai da babu wannan fitila.

Lalle ne a faɗa cewa shanya jariri a rana tsagwaronta hatsari ne, domin tana ƙona fata tana kuma zafafa jiki. Abin da likitoci suka gwada a asibitin haihuwa na Island da ke Ikko, aka buga a 2015, shi ne rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace hasken. An gwada ta a kan jarirai 447, nas-nas na auna zafin jikinsu a kai a kai, aka ga aikinta bai gaza na fitila ba.

Haihuwar Ɗakin Kulawa ta Musamman

Kafin 1950 jaririn da ya faɗo ba ya numfashi kusan ba shi da mai shi a ɗakin haihuwa, domin hankalin kowa na kan uwa. Virginia Apgar, likitar sa barci a New York, ta fito a 1953 da ma'auni mai sauƙi: a duba bugun zuciya, da numfashi, da ƙarfin gaɓoɓi, da motsi in an taɓa shi, da launin fata, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 2. Amfanin ma'aunin shi ne ya tilasta wani ya kalli jaririn cikin minti na farko, ya kuma ba ungozoma da nas da likita harshe guda. Ta ma fi son kada wanda ya karɓi haihuwar ya ba da makin, domin mutum ba ya rage wa aikinsa daraja.

A 1960 Louis Gluck ya buɗe a asibitin Yale da ke New Haven ɗakin da ake ɗauka shi ne na farko irin na zamani a Amurka. Kafin nan ana warwatsa jarirai marasa lafiya cikin ƙananan ɗakuna saboda tsoron cuta. Gluck ya nuna cewa hannun ma'aikaci ne babbar hanyar yaɗuwarta, in aka tsare wankin hannu ana iya tara su a zaure ɗaya inda idon ma'aikata zai kasance a kansu koyaushe. Saura matsalar huhu. Ranar 7 ga Agusta 1963 aka haifa wa Shugaba Kennedy ɗa, Patrick, saura mako biyar da 'yan kwanaki lokacinsa ya cika, ya kuwa rasu bayan awa 39 da ciwon numfashi. Ɗan shugaban ƙasa mafi arziki ya mutu da ciwon da a yau yawancin masu nauyinsa ke tsallakewa, kuma wannan rashi ya jawo hankali da kuɗi zuwa ga binciken.

Wanda ya duba waɗanda suka warware matsalar zai ga ba 'yan fanni ɗaya ba ne. Tun a 1959 likitar yara Mary Ellen Avery da masanin aikin huhu Jere Mead suka gano cewa huhun bakwaini ba shi da wani ruwa mai santsi da ke hana 'yan jakunkunan iska manne wa juna. A 1971 likitan sa barci George Gregory na San Francisco ya nuna yadda za a riƙa tura iska a hankali ba yankewa don jakunkunan su zauna a buɗe. A 1972, a ƙasar Niu Zilan, likitan haihuwa Graham Liggins, wanda ya fara lura da abin a jikin tumaki, ya haɗa kai da likitan yara Ross Howie, suka nuna cewa allurar da aka yi wa uwa kafin haihuwa tana gaggauta ƙosawar huhun ɗanta. A 1980 Tetsuro Fujiwara na Japan ya ɗura wa jarirai 10 irin wancan ruwa mai santsi da aka samo daga huhun shanu, numfashinsu ya gyaru.

Kowace sabuwar dabara ta shigo da sabon ma'aikaci: mai kula da injin numfashi, da mai haɗa magani wanda ke lissafin ɗigon da ya dace da yaro mai nauyin kilo 1, da masanin abinci, da makanikin na'urori. Da hannuwa suka yi yawa sai hatsarin ya koma tsakaninsu, watau a wurin miƙa aiki daga masu dare zuwa masu safe, ko daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin jarirai. Wannan ne ya sa aka shiga koyar da haɗin kai kamar yadda ake koyar da allura. Shirin horon farfaɗo da jarirai da aka fara a Amurka a 1987 yana tara likita da nas da ungozoma su yi atisaye tare a kan 'yar tsana, kowa ya san matsayinsa, wanda aka ba umarni ya maimaita shi da baki, ƙarami kuma ya sami ikon tsayar da babba in ya ga kuskure.

Dawowar Uwa

Hannun da ya rage a waje shi ne wanda Budin ya yi gargaɗi a kansa. A wajen 1970 likitocin yara Marshall Klaus da John Kennell suka shiga nuna illar raba uwa da jariri, asibitoci suka fara buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan. Amma babban sauyi daga ƙasar masu ƙaramin ƙarfi ya fito. A 1978, a babban asibitin haihuwa na Bogota a ƙasar Kolambiya, kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai biyu ko uku a guda, cuta na yaɗuwa, wasu iyaye na gudu su bar 'ya'yansu. Likita Edgar Rey, wanda Héctor Martínez ya dafa wa daga baya, ya ce a ɗora yaron tsirara a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, a ɗaure shi da zane, ya sha nononta, ya ji ɗuminta. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta cikin jakar cikinta. Ga al'ummar da ta san goyo, sabon abin da ke ciki shi ne an juyo da yaron daga baya zuwa gaba, an kuma cire tufa a tsakani.

Shekaru da dama ana jiran yaro ya ɗan murmure a kwalba kafin a miƙa wa uwa, alhali yawancin masu mutuwa a kwanakin farko suke mutuwa. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya gwaji a asibitoci biyar, a Gana da Indiya da Malawi da Nijeriya da Tanzaniya. A Nijeriya asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ne ya shiga, a Gana kuma asibitin Komfo Anokye na Kumasi. An sa jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Rabi aka fara musu goyon ƙirji nan take, rabi aka jira yadda aka saba. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa cikin kwana 28 na farko kashi 12 cikin 100 ne suka rasu a rukunin farko, a na biyu kuwa kashi 15.7, watau mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar ta mayar da wannan shawararta ga duniya baki ɗaya.

Abin lura shi ne yadda aka yi hakan ya yiwu. Sai da aka shigar da gadon uwa cikin ɗakin kulawa ta musamman, domin yaron na kwance a ƙirjinta kimanin awa 17 a yini, da tiyonsa na iska da na ruwa duk a jikinsa. Mai jego kuwa ita ma majinyaciya ce, wata ma an yi mata aiki, don haka dole likitocin haihuwa da ungozomomi su riƙa shigowa ɗakin likitocin yara suna duba ta. In ta gaji ko za ta kewaya, wata 'yar'uwa ta karɓe ta. Sassa biyu na asibiti da suka saba zama kowa da ƙofarsa suka koma aiki a ɗaki guda.

Kammalawa

Tarnier ya bukaci maƙeri, Budin ya gaji ungozoma ya kuma dogara da masu shayarwa, Hess ya jingina da Lundeen, Dobbs ya saurari Sista Ward, likitocin Bogota da na Ile-Ife suka mayar wa uwa matsayinta. Inda aka kasa jin juna kuwa, kamar a zamanin oksijin, yara dubbai ne suka biya da idanunsu, wasu da rayukansu. Darasin yana da amfani ga duk hukumar da ke shirin kafa irin wannan ɗaki, musamman da yake jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu cikin watansu na farko a duniya a 2022. Sayen kwalba abu ne na rana ɗaya, ana ɗaukar hotonsa a buga a jarida. Amma kwalbar da ba ta da isassun nas-nas a daren Juma'a, ba makanikin da zai gyara ta, ba mai awon jini, ba gadon uwa a gefenta, akwati ce kawai. Bahaushe in ya je barka yakan ce Allah ya raya. Tarihin bakwaini ya nuna cewa sababin wannan rayawa a hannun jama'a aka rarraba shi, kuma jinka ba ta hawa ɗaki sai kowa ya kama gefensa.